Waƙa Ta Yi Nisa, Mai Waƙa Yana Gida

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta]

  Gaisuwa ga mutanen Wurno da Achida, da na Rabah da Gandi, da na Goronyo da Shinaka, da duk wanda ke jin mu daga bakin fadama ko kan hanyar kasuwa. Shirin yau zai bi sawun waƙa ne, daga bakin mai rera ta har zuwa cikin wayar da ke aljihun mai sauraro, ya ga wa ke samu a hanyar nan, wa kuma ke tashi a tutar babu.

[Kiɗa na ɗan lokaci]

Wanda ya shiga kasuwar Goronyo ranar Lahadi, kunnensa zai nuna masa wata rumfa tun kafin idonsa ya gan ta. Lasifika a bakin ƙofa, janareta na ƙugi daga baya, ko kuwa farantin sola a kan rufi. A ciki an kafa allon katako cike da soket, wayoyi sun jeru suna shan caji, kowace an manna mata 'yar takarda mai lamba, mai waya kuma ya tafi cin kasuwarsa da irin lambar a aljihu. Can gefe ga wani saurayi gaban tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, igiyoyi sun kewaye shi. Shi ne mai turi.

Yaro zai miƙo katin memori, abin da bai kai farcen ɗan yatsa ba, ya ce, "Yaya, a zuba mini sababbi." Dattijo kuwa zai zaro nasa daga cikin ƙullin leda ya ce, "Ɗana, ban son na 'yan zamani. Sa mini Narambaɗa da Ɗan'anace, abin da ya rage ka cika da wa'azi." Minti kaɗan an gama, an biya, kowa ya kama gabansa. Gobe katin yaro yana cikin lasifikar ɗan acaɓa, na dattijo kuma yana cikin 'yar rediyo mai cin memori da aka rataye a reshen bishiya, ana ban ruwan albasa ko cirar tafarnuwa.

A irin wannan rumfa ake yanke wa waƙa hukunci a gabashin Sakkwato. Wadda mai turi ya sa a sahun gaba ta shiga gari. Wadda ba ta kai kwamfutarsa ba, ko da ta tara masu kallo a intanet, ƙauyuka da yawa ba za su taɓa jin ta ba.

Ƙasar nan ta saba da waƙa mai tafiya da ƙafarta. Tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da Wurno mazauninsa kuma nan aka rufe shi a 1837, ƙanwarsa Nana Asma'u take tsara waƙoƙin ilimi, mata jagorori da ake kira jaji su haddace su kai wa matan ƙauyuka ta hanyar 'yan taru. A ɓangaren makaɗa kuwa, yankin ya yi Ibrahim Narambaɗa da kotsonsa a fadar Sarkin Gobir na Isa, ya yi Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ya yi Ɗan'anace ɗan ƙasar Gandi, wanda kalangunsa ya sa sunan ɗan dambe Shago ya zaga duk inda ake dambe. Musa Ɗankwairo ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah, waƙoƙin da har gobe ake nema a wajen masu turi.

Waɗannan mutane sun san inda abincinsu yake. Makaɗin fada yana da ubangida mai ba shi doki da riga da hatsi. Makaɗin dambe ko na noma yana karɓar nasa a fili, gaban jama'a, kafin a watse. Waƙa da mai ita tare suke tafiya, wanda ke son ji dole ya zo inda ake yi.

Na'ura ce ta fara raba su. Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa gidan rediyon Kaduna a 1962, muryoyin makaɗa suka riƙa shiga gidajen da ba su taɓa takawa ba. A 1963 kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da kaset, daga baya ya cika kasuwannin Arewa, mai rikoda biyu ya zama yana iya kwafar waƙa a ɗakinsa. Fina-finan Hausa na bidiyo, waɗanda suka soma a Kano da Turmin Danya a 1990, sun zo da sabon kiɗa: fiyano kirar Yamaha ya maye gurbin ayarin makaɗa, mutum ɗaya ya zama shi ne mai ganga, shi ne mai sarewa. Sai kuma watan Agustan 2001, lokacin da Econet da MTN suka buɗe layukan salula a Najeriya. Da wayoyi masu araha irin su Tecno da itel suka iso, masu layi biyu da gurbin memori da tocila da rediyo, kaset ya koma cikin akwati.

Mai sauraro zai iya tambaya, me ya sa har yanzu kati ke da ƙarfi a nan, alhali a manyan birane an koma saurare kai tsaye ta intanet? Lissafin a bayyane yake. Waƙar minti 5 a tsarin MP3 na yau da kullum tana cin kimanin megabait 5. Katin gigabait 8 ke nan zai ɗauki waƙa wajen 1,600, a saurara dare da rana ba tare da an ƙara kashe ko kwabo ba. Wanda ke ji ta intanet kuwa, duk maimaici sai ya ci data, in bidiyo ne cin ya ninka sau da yawa. Ga shi a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Ga wutar lantarki da ba ta tsayawa, ga man janareta da ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023.

Akwai kuma abin da mutanen yankin ba su manta ba. A watan Satumbar 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sanar da katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar saboda 'yan bindiga, Rabah da Goronyo na ciki. Kira ya tsaya, WhatsApp ya tsaya, Facebook ya tsaya. Amma Bluetooth da Xender ba su buƙatar turken sadarwa, waya biyu kawai suke so kusa da juna. Abin da ke cikin kati ya ci gaba da zagayawa daga hannu zuwa hannu, kamar ba a rufe komai ba. Matashin da ke son yin waƙa a wannan yanki, in ya gina shirinsa duka a kan intanet, ya bar mafi yawan masu sauraronsa a waje.

[Kiɗa na ɗan lokaci]

To yaya ake haɗa waƙar kanta? Mafi yawan masu sha'awa daga Wurno ko Goronyo mota suke shiga zuwa birnin Sakkwato, masu ɗan ƙarfi su wuce Kano ko Kaduna. Sutudiyon da za su tarar sau da yawa ɗaki ɗaya ne, an raba shi da katako da gilashi, an lulluɓe bango da soso. Mawaƙi zai tsaya ya rera wa mai kiɗa karin da baki, yana buga cinya. Mai kiɗa ya lalubo muryar a kan fiyano, ya fara shimfiɗa ganga, ya ɗora kalangun na'ura, ya bi da sarewa ko goge. Kowane sauti yana kwanciya a layinsa cikin kwamfuta, galibi a manhajar FL Studio ta wani kamfanin ƙasar Beljiyam. In kiɗa ya zauna, sai mawaƙi ya shiga akurkin ɗaukar murya, ya sa abin ji a kunne, ya riƙa bi baiti bayan baiti. Inda ya yi tuntuɓe ba a komawa farko, wurin kaɗai ake yankewa a sake. Daga nan 'yar amshi ta shiga ta yi nata, wani lokaci ma ba a rana ɗaya ba, ba kuma lallai su taɓa haɗuwa da mai waƙar ba.

Wannan zaƙi mai santsi da ake ji a muryoyin waƙoƙin nanaye aikin Auto-Tune ne, manhajar da wani injiniya Ba'amurke, Andy Hildebrand, ya fitar a 1997. Aikinta shi ne ta jawo muryar da ta kauce ta mai da ita kan ma'auni. In aka matsa mata sosai sai muryar ta koma kamar ta ƙarfe, masu kiɗan Arewa kuma suka ɗauki hakan ado. Tana gyara kaucewa, amma ba ta sa wa baiti ma'ana, ba ta kuma ƙara wa mai gajeren numfashi iska. Shi ya sa ake samun wanda ya burge a waya, ranar da aka miƙa masa makirfo a gidan biki sai ido ya raina fata.

Wanda ba shi da kuɗin mota da na sutudiyo ma ba a rufe masa ƙofa ba. Babbar waya mai shafawa tana iya ɗaukar murya mai kyau in an san kanta. Manhajar BandLab kyauta ce, tana barin mutum ya ɗora murya a kan kiɗa layi bayan layi. Abin da ke ɓata irin wannan ɗauka ɗaki ne, ba waya ba: bangon siminti tsirara da rufin kwano suna mai da sauti, sai a ji kamar daga rijiya ake magana. Ɗaki mai katifa da labule da tarin tufafi ya fi, ɗakin laka ma ya fi na kwano. A jira dare ya yi, janaretocin unguwa su mutu. A sa waya a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse aiki. A bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakanin baki da waya, a sa mata siririyar safa don ta tare hucin baki. A riƙa jin kiɗan ta abin kunne, kada ya fito ta lasifika ya koma cikin murya.

In an gama, akwai matakin da mutane da yawa ke tafka asara a kai. Asalin waƙa, wanda ake ajiyewa a tsarin WAV, yana cin wajen megabait 10 a kowane minti, nan ne duk ingancin yake. MP3 matsattsen kwafi ne. Duk lokacin da aka sake matse shi, ko aka kunna a wata waya aka ɗauka da wata, wani abu na zubewa wanda ba ya dawowa. Don haka mai waƙa ya karɓi asalin daga sutudiyo, da kiɗan zalla ba murya, ya ajiye a wuri biyu. In zai aika wa gidan rediyo ko wani mai kiɗa ta WhatsApp, ya aika a matsayin takarda, kada ya aika a matsayin saƙon murya.

[Kiɗa na ɗan lokaci]

Birnin Sakkwato yana da labarin da ya nuna iyakar inda katin memori ke iya kai waƙa. A 2008 wani matashi Ba'abzine daga jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, mai kaɗa jita da hannun hagu, ya tsallako iyaka ya shiga sutudiyo a Sakkwato. Sunansa Mdou Moctar. Jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da wayoyin birkin keke. Ya ɗauki waƙoƙinsa na harshen Tamashek, aka yi musu irin adon da ake yi wa waƙoƙin fim ɗin Hausa, da gangar na'ura da Auto-Tune. Kundin da ya fito shi ne Anar. A lokacin ba kamfanin da ya buga shi, ba kantin da ya sayar. Daga waya zuwa waya ya riƙa tsallakawa har ya ratsa Nijar ya shiga arewacin Mali.

A garin Kidal wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ke tattara waƙoƙi daga katunan mutane, ya ci karo da ɗaya daga cikinsu. Ya sa ta a kundin Music from Saharan Cellphones da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011. Amma sai da ya sha nema kafin ya gano mai waƙar, domin waƙa ta yi nisa ba ta ɗauke da adireshin kowa. Bayan sun haɗu ne ƙofa ta buɗe: fim a 2015, yawon wasa a Turai da Amurka, sannan kundin Afrique Victime a ƙarƙashin kamfanin Matador a 2021. Shi dai wannan Sahel Sounds ya fitar da Harafin So a 2013, tarin waƙoƙin fina-finan Hausa don masu saurare na ƙetare.

Shekarun da waƙar Mdou Moctar ta yi tana yawo a wayoyin dubban mutane, ko sisi ba ta kai masa ta wannan hanya ba. Abin da ta tara masa shi ne suna, sunan ma da ƙyar ya riske shi. Tsofaffin makaɗa sun riga kowa gane wannan haɗari. Narambaɗa da Mamman Shata da Ɗankwairo duk suna ambaton kansu a tsakiyar waƙa, su kira garinsu, su kira 'yan amshinsu. Sunan da aka rubuta a kan fayil, mai turi na iya goge shi ya sa "sabuwa" ko ya maƙala wa wani fitaccen mawaƙi don ta fi tafiya. Wanda aka rera cikin baiti ba mai cire shi sai ya ɓata waƙar. Matashin da ya kai wa masu turin Achida ko Rabah waƙarsa kyauta, da sunansa da garinsa a cikinta, da lambar da za a same shi a ƙarshenta, talla ya yi wadda ba ta ci masa komai ba.

Ina kuɗin yake ke nan? Matasa da yawa YouTube suke hange. Ƙa'idarsa ita ce, kafin a fara raba kuɗin talla da mai tasha, sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. In waƙar minti 5 ce, sai an kalle ta daga farko har ƙarshe sau 48,000. Bayan nan ma abin da talla ke biya ya danganta da ƙasar da mai kallo yake, kallon da aka yi daga Najeriya bai kai na Ingila ko Saudiyya daraja ba. Spotify, wanda ya shigo Najeriya a watan Fabrairun 2021, tun 2024 ba ya biyan waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba, kuma ba a sa waƙa a cikinsa sai ta hannun kamfanin dillanci. Boomplay, wanda ya fara a Najeriya a 2015 kuma yake zuwa a cikin wayoyin Tecno, da Audiomack da ke barin mutum ya ɗora waƙarsa da kansa kyauta, sun fi kusa da talaka. Duk da haka, abin da suke kawowa sai an tara masu saurare masu ɗimbin yawa yake zama abin cefane.

Intanet tana iya ɗaga mutum dare ɗaya, an gani a 2020 lokacin kullen korona, da matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyo suna taka wa mazajensu Jarumar Mata ta Hamisu Breaker. Amma ga mawaƙin ƙauye, kuɗin da ke shiga hannu har yanzu ta tsohuwar hanya yake zuwa. Ango ya ba da kwangilar waƙar biki a ambaci amarya da iyaye da abokai. Makarantar Islamiyya ta nemi waƙar walimar sauka. Mai shagon taki ko na maganin feshi ya nemi 'yar waƙar talla. Sha'iri ya yi bege a wajen maulidi a yi masa liƙi. Ɗan takara ya aiko a yi masa ta kamfe. Ubangida bai ɓace ba, yawa ya yi, biyan kuma ya koma ta taransifa ko wajen mai POS. Masu wannan sana'a suna da ƙa'idar da suka koya da wuya: a karɓi rabin kuɗi kafin a shiga sutudiyo, a tura wa wanda ya ba da aikin ɗanɗano kawai, cikakkiya sai an cika. Waƙar siyasa ta fi kowace buƙatar wannan, domin in zaɓe ya wuce, wayar da ake ɗauka jiya ba lallai a ɗauka yau ba.

[Kiɗa na ɗan lokaci]

Doka ma tana da abin cewa. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba mai waƙa haƙƙinsa da zarar ya rubuta ta ko ya naɗe ta, ba sai ya yi rajista ba, ko da yake Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka tana karɓar rajista don ta zama hujja. Haƙƙin baiti da kari yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, suna da magada masu haƙƙi ke nan har 2069. Sautin da aka naɗa kuma yana da nasa haƙƙin daban na shekara 50. Dokar ta ce sayar da haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce.

Nan ne rigima ke yawan tashi. Mawaƙi ya biya kuɗin sutudiyo, yana ganin komai nasa ne. Mai kiɗa yana ganin kiɗan nasa ne, gobe ya sayar wa wani. 'Yar amshi an sallame ta da kuɗin mota, waƙa ta yi kasuwa ba a ko ambaci sunanta ba. Takarda guda ta isa ta hana wannan, ko da da ajami aka rubuta: wane ne mai baiti, wane ne mai kiɗa, nawa aka biya, wa zai ɗora a intanet, yaya za a raba in wani abu ya shigo. A sa hannu gaban shaidu biyu, kowa ya ɗauki hotonta a wayarsa. In mai amshin yarinya ce a gaban iyayenta, da saninsu za a yi, sunanta kuma ya fito sai in ita ta ce a sakaya.

Sai batun tasha. Mawaƙa da yawa wani ne ke buɗe musu YouTube ko TikTok a shago, da imel ɗinsa da lambarsa. Ranar da aka ɓata, ko ranar da kuɗi ya fara shigowa, sai a tarar mabuɗi yana hannun wani. Tasha ta zama da imel ɗin mai waƙa, da layin da aka yi wa rajista da lambarsa ta ɗan ƙasa. Layin nan kuma kada a bar shi ya daɗe ba aiki, domin kamfanoni na sake sayar da layin da aka yi watsi da shi, sabon mai shi kuwa shi zai riƙa karɓar lambobin sirri. Kuma mai waƙa ya riga kowa ɗora abinsa, don in wani ya riga shi ya yi mata rajista, na'urar YouTube tana iya ɗaukar mai ita a matsayin ɓarawo.

Akwai wata dukiya da wannan fasaha za ta iya ceta. A gidaje da yawa na Wurno da Rabah da Goronyo akwai akwatunan kaset da aka ɗauka a filin dambe, ko wajen gayya, ko ranar naɗin sarauta, na makaɗan da ba su taɓa shiga sutudiyo ba. Zafi da ƙura suna cin zaren kaset, wanda ya manne ya manne ke nan. Rikoda mai aiki, da igiya daga ramin abin kunne zuwa kwamfuta, da manhajar Audacity wadda kyauta ce, sun isa a juye shi. Mai turin unguwa zai iya. Abin da ya fi juyewar muhimmanci shi ne a zauna da dattijon da ya san kaset ɗin a rubuta: wane makaɗi ne, wa ya yi wa, a wane gari, zamanin wane sarki. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi shekaru suna tattara tarihin makaɗan baka, kuma Cibiyar Nazarin Hausa ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu duk suna nan Sakkwato ga mai son ya kai kwafi.

Shi ma mai saurare akwai nasa. Kafin ya miƙa kati ko waya a rumfa, ya kwashe hotunan iyali da saƙonnin murya, domin abin da ya shiga kwamfutar kasuwa ya fita hannunsa. Ya fi kyau a ware kati ɗaya na waƙa da wa'azi kawai. Ya yi hattara da kati mai arhar banza wanda aka rubuta wa babbar lamba: jabu yana nuna ya karɓi kaya, sai an je gida a tarar rabi ba ya buɗewa, don haka a gwada na farko da na ƙarshe tun a gaban mai turi. Iyaye su riƙa sauraron abin da aka zuba wa yara, tunda cike ake yi ba zaɓe ba. Masu kwana da abin ji a kunne kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kunnen babba yana jure ƙarar da ba ta wuce ma'auni 80 na desibel ba har awa 40 a mako, in ƙara ta haura lokacin yana raguwa da sauri. In na kusa da mutum yana jin abin da ke fita daga abin kunnensa, ya yi yawa, a rage.

[Kiɗan rufe shiri ya fara a hankali]

Jama'a masu sauraro, nan za mu dasa aya. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, shirin zai duba farantin sola da batir: yadda ake gane mai kyau, girman da ya isa shagon caji, da abin da ke kashe batir tun bai shekara ba. Mai tambaya ko ƙarin bayani a kan shirin yau ya aiko ta lambobin da za a karanta bayan wannan kiɗa.